Gregor Mendel: Ɗan manomin da ya ƙirga ƙwayar wake har ya gano yadda iri ke gado

 Akwai tambayoyi uku da suke yawan zuwa mana a wajen taron ƙungiyoyin manoma, daga gonakin gindin dutsen Kufena da Wusasa har zuwa Shika da Giwa. Ta farko, me ya sa masara mai aure take yin kyau a shekarar da aka saye ta, amma idan an ɗebi iri a jikinta an shuka baɗi sai ta fito a warwatse, wata doguwa wata gajera? Ta biyu, wane irin abu ne aka sa wa sabon waken Samaru da tsutsa ba ta iya cin sa? Ta uku, shin jirgin nan marar matuƙi da ake cewa yana feshi yana da wani amfani ga mai eka ɗaya ko biyu?

Amsar biyun farko tana komawa ne ga mutum ɗaya, wanda ya rasu tun 1884 a wata ƙasa mai sanyi, bai taɓa ganin dawa ko gero a gonarmu ba. Ta ukun ma, halinsa na aiki zai taimake ka ka yanke hukunci. Sunansa Gregor Mendel. Ka ba ni aron hankalinka, domin labarin nasa yana taɓa kuɗin da za ka kashe wajen sayen iri a bana.

Gidan da ya fito

An haife shi a watan Yuli na 1822 a wani ƙauye mai suna Heinzendorf, a ƙarƙashin daular Austriya ta wancan lokaci. Yau ƙauyen yana cikin Jamhuriyar Cek, ana kiransa Hynčice. Sunan da iyayensa suka raɗa masa Johann. Babansa Anton ƙaramin manomi ne, mahaifiyarsa kuma Rosine. Yana da ya mai suna Veronika da ƙanwa mai suna Theresia, shi kaɗai ne namiji a tsakiya.

A zamanin nan talakan ƙauye a can ba shi da cikakken ikon ranakunsa. Babansa yakan yi wa mai ƙasa aikin tilas kwana uku a mako, sauran kwanakin ne nasa. Sai a 1848 aka soke wannan tsari. Duk da haka Anton gwani ne wajen yi wa itatuwa aure, irin yadda kake ganin ana yi wa mangwaro da lemo a nan, kuma a wajensa yaron ya fara koyon riƙe wuƙar aure da kula da zuma.

Malaman ƙauye suka ga yaron yana da kaifin kai, aka tura shi makarantar gaba a garin Troppau a 1834. Kuɗi ya yi ƙaranci. A 1838 wani gungume ya faɗo wa babansa ya ji masa mummunan rauni, aikin gona ya gagare shi. Johann yana ɗan shekara 16 ya koma koyar da 'yan uwansa ɗalibai don ya samu na abinci. Wahala da damuwa suka riƙa kwantar da shi rashin lafiya, har yakan koma gida ya yi watanni.

Daga 1840 zuwa 1843 ya yi karatu a garin Olomouc. A nan ne ƙanwarsa Theresia ta ɗauki wani kaso na dukiyar da aka ware mata domin aurenta ta ba shi ya ƙarasa karatu. Bai manta ba. Da ya samu hali ya ɗauki nauyin karatun 'ya'yanta maza uku, biyu daga cikinsu suka zama likitoci. Kai da kake tunanin cire yaro ko yarinya daga makaranta saboda kuɗin taki, ka riƙe wannan a ranka.

Malamin da ya faɗi jarrabawa sau biyu

A 1843, ganin ba shi da hanyar ci gaba da biyan kuɗin karatu, ya shiga wani gidan ibada na Kiristoci 'yan zuhudu a birnin Brno, inda aka ba shi sunan Gregor. A 1847 ya zama fada. Wannan gida ba na addu'a kaɗai ba ne, yana da gonaki da lambuna da ɗakin littattafai. Shugabansa, Cyrill Napp, mutum ne mai sha'awar gyaran irin tumaki da itatuwa, domin arzikin yankin ya dogara ne da ulu. Makiyayan wurin sun daɗe suna tambayar abin da kai ma kake tambaya: me ake gada daga uba da uwa, kuma ta yaya?

An gwada Mendel da aikin ziyarar marasa lafiya, sai aka ga zuciyarsa ba ta ɗauka, shi ma kwanciya yake yi. Aka mayar da shi koyarwa a 1849. A 1850 ya zauna jarrabawar samun takardar shaidar malanta, ya faɗi. Napp bai yar da shi ba, ya tura shi Jami'ar Biyana daga 1851 zuwa 1853. A can ya koyi lissafi da kimiyyar awo a hannun Christian Doppler, ya koyi ilimin tsirrai a hannun Franz Unger. Abin da ya fi tasiri a kansa shi ne ɗabi'ar masu awo: idan za ka gwada abu, ka canza abu ɗaya tak, ka maimaita sau da yawa, ka rubuta adadi.

Ya dawo Brno ya ci gaba da koyarwa daga 1854. A 1856 ya sake zama jarrabawar, bai kai labari ba. Har ya bar koyarwa yana matsayin malamin riƙo ne marar takardar shaida. A wannan shekarar da ya faɗi ta biyu ne ya fara aikin da duniya ta san shi da shi.

Shekara takwas a ɗan lambu

Lambun nasa bai kai kwatar eka ba, tsawonsa kamar mita 35, faɗinsa kamar mita 7, sai wani ɗakin gilashi da Napp ya gina. Shukar da ya zaɓa ita ce fis, koren waken nan da ake zubawa a soyayyiyar shinkafa. Dangin wakenmu ne. Ya zaɓe shi ne saboda furensa a rufe yake, namiji da mace suna cikin fure ɗaya, yana yi wa kansa barbara tun kafin ya buɗe. Haka wakenmu yake, haka gyaɗa da waken suya da shinkafa.

Bai yi gaggawa ba. Ya tattaro iri 34 daga masu sayar da iri, ya shuka su shekara biyu yana kallo, don ya tabbatar kowanne yana haifar da irin kansa ba gauraye. Ya zaɓi 22. Sannan ya ware siffofi bakwai da ido ke iya bambancewa ba gardama, kamar su ƙwaya mai santsi ko mai yamutsi, ƙwaya rawaya ko kore, shuka doguwa ko gajera, da launin kwanso da siffarsa.

Ga yadda yake aure. Kafin fure ya nuna sai ya buɗe shi da ɗan hantsaki ya cire sashen namiji, ya ɗauko ƙurar fure daga wata shuka ya shafa wa sashen mace, ya rufe, ya sa alama. Fure ɗaya bayan ɗaya. Yana kuma tsoron ƙwaron da ke huda fis, ɗan'uwan wanda ke cin wakenka a rumbu, kada ya ɗauko ƙurar wata shuka ya ɓata masa lissafi, shi ya sa yake ajiye wasu tukwane a ɗakin gilashi don kwatantawa. Daga 1856 zuwa 1863 ya shuka ya duba tsirrai kimanin 28,000.

Abin da ya gani

A lokacin mutane sun ɗauka gado kamar haɗa fura da nono ne, idan sun gauraya ba mai raba su. Wato idan dogo ya auri gajere, matsakaici za a haifa. Mendel ya aura doguwar shuka da gajera. 'Ya'yan farko duka suka fito dogaye, ko ɗaya babu gajera. Ya aura mai santsi da mai yamutsi, duka suka fito masu santsi.

To, ina gajartar ta tafi? Sai ya bar waɗannan 'ya'ya suka yi wa kansu barbara, ya shuka jikoki. Gajarta ta dawo. Cikin tsirrai 1,064, guda 787 dogaye ne, 277 gajeru. A wajen siffar ƙwaya ya ƙirga 7,324, ya samu 5,474 masu santsi da 1,850 masu yamutsi. A wajen launi ya ƙirga 8,023, ya samu 6,022 rawaya da 2,001 kore. Ka yi lissafin da kanka: kowane wuri kusan uku ne a kan ɗaya. Duk siffofin bakwai haka suka ba shi.

Bai tsaya nan ba. Ya ɗauki jikoki masu santsi 565 ya shuka don ya ga me ke cikinsu. Guda 193 suka haifi masu santsi zalla, 372 kuma suka haifi gauraye. Ashe cikin ukun nan da ido ke gani iri ɗaya, ɗaya ne kawai tsantsa, biyu suna ɗauke da yamutsi a ɓoye.

Ga fassarar da ya yi. Kowace siffa tana da wani abu da ke ɗauke da ita, kuma kowace shuka tana da guda biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wani mai rinjaye ne, wani mai laɓewa. Idan suka haɗu, mai rinjaye ne ke fitowa fili, amma mai laɓewa bai mutu ba kuma bai narke ba. Lokacin haihuwa sai su rabu, kowace ƙwayar haihuwa ta ɗauki ɗaya. Ranar da masu laɓewa biyu suka haɗu a jika, sai siffar kaka ta bayyana. Ka sha ganin haka a garke: farar akuya da farin bunsuru su haifi ɗan da ya ɗauko launin kakansa. Waɗannan abubuwa su ne yau ake kira ƙwayoyin gado.

Ya kuma gano cewa siffofin da ya gwada kowacce tana bin hanyarta. Launi bai ɗaure da santsi ba. Ma'ana ana iya ɗauko kyakkyawan hali daga wannan iri, a ɗauko wani daga wancan, a tara su a iri ɗaya. Wannan shi ne tushen aikin duk wani mai gyaran iri har gobe.

Ya faɗa, ba a ji ba

Ranar 8 ga Fabrairu da 8 ga Maris na 1865 ya karanta sakamakonsa a gaban ƙungiyar masu nazarin halittu ta Brno. A 1866 aka buga shi a mujallar ƙungiyar, ya karɓi kwafi 40 ya aika wa wasu masana. Kusan shiru kake ji. Masana tsirrai na lokacin ba su saba ganin lissafi a cikin maganar fure ba.

Wani babban masani a birnin Munik, Carl Nägeli, ya amsa masa, suka yi shekaru suna musayar wasiƙu. Aikin nasu ya karkata ga wata ciyawar daji mai ƙananan furanni. Mendel ya sha wahala a kanta har idonsa ya samu matsala, sakamakon bai yi daidai da na fis ba. Daga baya aka gano cewa ciyawar takan yi iri ba tare da barbara ba, shi ya sa lissafin ya ƙi fita.

A 1868 aka zaɓe shi shugaban gidan bayan rasuwar Napp. Aikin ofis ya cinye lokacinsa. Duk da haka bai bar ƙirga ba. Yana rubuta yanayin sama sau uku a rana, ya yi shekaru yana auna zurfin ruwan rijiyar gidan, ya rubuta bayani a kan guguwar da ta afka wa Brno a watan Oktoba na 1870, ya gina gidan zuma yana gwada aurar da nau'o'inta. Shekarunsa na ƙarshe sun tafi a rigima da gwamnati kan wani sabon haraji da aka ɗora wa gidajen ibada, wanda ya ƙi amincewa da shi har ya mutu. Ciwon ƙoda ya yi ajalinsa ranar 6 ga Janairu, 1884, yana da shekara 61. Bayan rasuwarsa aka ƙone yawancin takardunsa.

Sai a 1900, shekara 16 da binne shi, masana uku a ƙasashe uku, Hugo de Vries a Holan, Carl Correns a Jamus da Erich von Tschermak a Austriya, suka fito da sakamako irin nasa, aka tono tsohuwar takardarsa aka ga ya riga kowa. Mai haƙuri yakan dafa dutse, sai dai shi bai zauna ya sha romon ba.

Daga lambun Brno zuwa Samaru

Abin da ya biyo baya ya zo mataki-mataki. A 1953 James Watson da Francis Crick, da taimakon hotunan da Rosalind Franklin ta ɗauka, suka bayyana siffar zaren da ƙwayoyin gado ke rubuce a jikinsa, wanda ake kira DNA. A 1973 aka fara ciro ƙwayar gado daga wata halitta a dasa wa wata. A 1982 aka fara sayar da insulin na masu ciwon suga wanda ƙwayoyin bakteriya ke sarrafawa bayan an dasa musu ƙwayar gadon ɗan Adam. A 2013 aka fara haɗa sinadarin maganin zazzaɓin cizon sauro, wanda asalinsa daga tazargade ake samu, ta hanyar yis da aka sake wa tsari. Wannan fanni na tsara ƙwayoyin gado kamar yadda magini ke tsara bulo shi ake kira ilimin haɗa halitta.

Kai kuma ba sai ka je Turai ba. Daga kan dutsen Kufena, tsohon mazaunin Zazzagawa, idan ka dubi arewa Samaru ce a gabanka. Tun 1922 ake binciken aikin gona a can, kuma a 1962 cibiyar ta zama IAR a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Duk irin da ka ji sunansa ya fara da SAM, irin su SAMMAZ na masara, SAMSORG na dawa, SAMNUT na gyaɗa da SAMPEA na wake, daga nan ya fito, kuma yawancinsu da hanyar Mendel aka yi su: a aura, a shuka, a ƙirga, a zaɓa.

Akwai matsalar da aure ya kasa magancewa, ita ce tsutsar maruka mai cin furen wake da huda kwanso. An bincika dubban nau'o'in wake ba a samu mai cikakkiyar juriya da za a aura ba. Sai aka ɗauko ƙwayar gado ɗaya daga wata bakteriyar ƙasa da ake kira Bt, wadda dama an daɗe ana yin maganin feshi da ita, aka dasa wa wake. Masanan IAR ƙarƙashin Farfesa Mohammad Ishiyaku, tare da gidauniyar AATF da cibiyar CSIRO ta Ostireliya, suka shigar da ita cikin irin da ya dace da ƙasarmu, kuma wannan shigarwar ma ta hanyar aure da zaɓe aka yi ta. Hukumar NBMA, wadda aka kafa a 2015 don sa ido kan irin wannan aiki, ta amince a farkon 2019, aka saki irin a watan Disamba na shekarar da sunan SAMPEA 20-T. A watan Janairu na 2024 aka saki masarar TELA nau'i huɗu, SAMMAZ 72T, 73T, 74T da 75T, domin tsutsa mai huda kara da tsutsar nan mai cin ganye da ta shigo mana a 2016.

Ka sani akwai muhawara a kan irin da aka dasa wa ƙwayar gado. Hukumomin da doka ta ɗora wa alhaki sun amince da waɗannan nau'o'i. Akwai ƙungiyoyi da 'yan majalisa da suke adawa, suna maganar lafiya, da makomar irin gargajiya, da tsoron kada manomi ya zama sai ya sayi iri kowace shekara. Haƙƙinka ne a gaya maka wane iri ake ba ka, kuma haƙƙinka ne ka karɓa ko ka ƙi.

Abin da za ka ɗauka zuwa gona

Na farko, masara mai aure. Ita ce 'ya'yan farko na Mendel: iyaye biyu tsantsa aka haɗa, shi ya sa gonar take fitowa bai ɗaya kamar an yi mata aski. Idan ka ɗebi iri a jikinta, jikoki ka shuka, kuma jikoki rabuwa suke yi. Duk abin da ya laɓe zai fito, tsayi ya bambanta, nuna ya bambanta, amfani ya ragu, ga taki ka riga ka zuba. Wannan ba algus ɗin mai shago ba ne, haka gadon yake. Masarar TELA ma mai aure ce, hukuncinta ɗaya. Idan ba ka da halin sayen sabon iri duk shekara, ka nemi ingantacciyar masara marar aure, wadda za ka iya ɗebe iri na 'yan shekaru kafin ka sabunta. Ka ɗebi irin daga tsakiyar gona, domin masara iska ke yi mata barbara, ta gefe ta sha ƙurar maƙwabta. Gero ma haka yake.

Na biyu, wake da gyaɗa da waken suya da shinkafa. Su kansu suke yi wa barbara kamar fis ɗin Mendel, don haka irinsu yana daɗewa bai canza ba. Abin da ya fi ɓata su shi ne gauraya a masussuka da buhu da kasuwa. Ka ware layukan iri, ka tuge duk shukar da ta fito daban kafin ta yi fure, ka sussuke daban, ka adana a buhu mai ciki uku ko jarka mai murfi.

Na uku, SAMPEA 20-T maruka kawai yake kashewa. Ba ya hana ɗarɓa, ba ya hana ƙananan ƙwarin fure, ba ya hana masu tsotse kwanso, ba ya hana ƙwaron rumbu. Shi ya sa aka ce a yi masa feshi sau biyu maimakon shida zuwa takwas da aka saba. Wanda ya ji an ce ba ya son magani sam ya jingine injin feshinsa, zai yi kuka. Kuma ido ba ya bambance shi da sauran farin wake. Wanda ya auno maka a mudu a kasuwa ya ce shi ne, ba ka da hanyar tabbatarwa. Ka saya a rufaffen leda mai takardar shaidar hukumar iri ta ƙasa, NASC, a wajen dillalin da za ka iya komawa gare shi.

To, jirgi marar matuƙi fa?

Mu a jihar Kaduna mun ga fuska biyu na wannan na'ura. Mun ga abin da ya faru a Tudun Biri ta ƙaramar hukumar Igabi a daren 3 ga Disamba, 2023, inda jirgin soja marar matuƙi ya jefa bam kan masu Mauludi, mutane da dama suka rasu. Allah ya jiƙan su. Mun kuma ga kamfanin Zipline, wanda ya fara kai jini asibitocin ƙauye a Ruwanda a 2016, ya buɗe tasha a Pambegua a 2022 yana kai magunguna da alluran rigakafi ta sama. Don haka idan manomi ya ji ƙugin abu a sama gabansa ya faɗi, yana da dalili.

A gona jirgin yana aiki iri biyu. Akwai mai kyamara, wanda ke auna girman gona ya nuna inda shuka ta yi rawaya, inda ruwa ya kwanta da inda ba ta tsira ba. Akwai mai tanki, wanda ke feshi cikin ɗan lokaci ba tare da mutum ya goya guba a bayansa ya ratsa cikin shuka ba. Amma hoto ba ya gaya maka dalilin rawayar, ko yunwar taki ce, ko wuta-wuta, ko tsutsa, sai ka taka ka duba. Feshin sama kuma idan da iska yakan tsallaka gonar maƙwabci, ko rafi, ko amya. Sayensa ya fi ƙarfin mai eka biyu. Inda yake da ma'ana shi ne ƙungiya mai gonaki a jere, masu shuka iri ɗaya a lokaci ɗaya, su yi haya tare. Kafin ku biya, ku nemi ganin izinin hukuma na mai jirgin, ku san sunan maganin da adadin da zai zuba, ku sanar da mai unguwa da maƙwabta da jami'an tsaron yankin ranar da za a tashi.

Ku gwada kamar Mendel

Ko sabon iri ne, ko sabon taki, ko feshin jirgi, kada ƙungiyarku ta karɓa don an yi talla, kada kuma ta ƙi don an yi jita-jita a WhatsApp. Ku ware fili biyu masu girma ɗaya a gona ɗaya, misali taku 20 a kan taku 20. Ku canza abu ɗaya tak: idan iri kuke gwadawa, ranar shuka da taki da noma su zama ɗaya. Ku yi haka a gonakin mutum biyar ko fiye, domin gona ɗaya tana iya yaudara, kamar yadda kwanso ɗaya ba zai nuna uku a kan ɗaya ba. Sakatare ya riƙe littafi ya rubuta ranar shuka, yawan feshi, kuɗin da aka kashe da tiya nawa aka samu. Ku maimaita damina biyu. Bayan nan ku zauna ku duba littafin, shi zai gaya muku inda za ku sa kuɗinku.

Idan kuna buƙatar taimako wajen tsara filin gwajin, ku tuntuɓi malamin gona na yankinku ko ku je Samaru da kanku, ga IAR ga NAERLS, ƙofa a buɗe take. Ku je da samfurin irin da ledar da ya zo a ciki.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana amfaninmu daga ƙwari da fari, ya ba mu zaman lafiyar da za mu noma shi.